Gawayi a Ƙarƙashin Gadon Jego

Turancina har yau bai taka kara ya karya ba, jikokina ma dariya suke yi mini idan na gwada. Amma akwai kalma ɗaya da na riga yawancinsu sani, kuma ba a aji na koye ta ba. Wata nas ce ta jefe mu da ita a wani ƙaramin asibiti a Ibadan, a damina ta biyu da fara yaƙin basasa, ina tsaye a gabanta zanena yana ɗigar da ruwa. Sai dai kafin in kai can, bari in faɗi abin da ya kai ni garin.

Aure ne ya kai ni. Mijina direban babbar mota ne, yana ɗauko goro daga kudu ya kai Kano, ya koma da albasa ko wake. Ƙauyenmu a bakin titi yake, ni kuma ina sayar da fura a gindin wata tsamiya. Motar tasa ta ɗauki wata ɗabi'a, duk lokacin da ta iso tsamiyar nan sai ta lalace, har babana ya gane ba motar ce ke da ciwo ba. Na so shi, ya so ni, aka ɗaura. Ya sa ni a gaban mota da akwatina da kwanukana, muka yi ta tafiya har itatuwa suka fara haɗewa a samanmu. Ya sauke ni a Sabo, unguwar Hausawa da ke kusa da Mokola.

Gidan haya ne, dogo, ɗakuna a jere suna kallon juna, siririyar hanya a tsakaninsu, tsakar gida a can baya inda ake girki da wanki. Ɗakinmu bangon siminti ne, daɓen siminti, rufin kwano har da silin, ga gadon ƙarfe, ga taga ɗaya ta katako mai marfi biyu. Ranar da na shiga na yi ta shafa bangon. A ƙauyenmu ko dagaci ba shi da irinsa, kuma na so a ce ƙawayena sun zo sun gani su ji haushi. Ba wadda ta zo, don tsakaninmu tafiyar kwana da kwanaki ce.

Matan gidan Hausawa ne, amma haifaffun Sabo. Sai su fara magana da Hausa, ina biye da su ina gyaɗa kai, kafin a kai inda za a yi dariya sun juya Yarbanci. Su ƙyalƙyace, ni in yi murmushin wanda bai san abin da ake ciki ba. 'Yar Arewa suke ce mini, sai ka ce su daga teku aka tsamo kakanninsu. Ba mugunta suke yi ba, yanzu na sani. A lokacin kuwa na ɗauka duk dariyar da aka yi a gidan da ni ake, sai na ja jikina. Ba na fita, matan aure ba sa fita a unguwar. Idan mijina ya yi tafiya, taga ce abokiyar hirata. Ta nan nake ganin masu ɗaurin huhun goro suna jera ganye a kwando, da matan Yarbawa da tire a ka suna tallan abin da ban san sunansa ba, da rufin kwano mai tsatsa har iya ganin ido.

Da yaƙi ya yi tsanani aka ɗauki hayar motoci da yawa na unguwar don kai wa soja abinci can gabas, har da wadda mijina ke ja. Ya ce ba zai daɗe ba. Cikina ya riga ya tsufa a lokacin. Bisa al'ada gida ya kamata a mayar da ni in yi haihuwar fari, amma mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama, hanya kuma duk shingen bincike ne, ba mai ɗaukar mace da tsohon ciki ya bi da ita. Ubangidan mijina, mai motar, shi ne ya aika wa danginsa, su kuma suka turo mini Gwaggo, yayar mahaifinsa. A kan buhunan albasa ta iso, ta sauko tana warin albasa tana zagin direba.

Doguwa ce siririya, ba ta da haƙoran gaba, kuma ba ta tauna magana kafin ta faɗe ta. A garinsu ita ce mai wankan jego, an ce duk macen da ta bi ta hannunta ba ta taɓa kumbura ba. Ibadan ba ta yi mata ba ko kaɗan. Ta ce gari ne da ba ya bushewa, tuwonsu baƙi, miyarsu ba kuka. Ni kuwa murna kamar in goya ta. Na sami wadda za ta fara zance da Hausa ta ƙare shi da Hausa. Da yamma tana tsefe mini kai tana ba ni labarin wa ya auri wa, wa ya saki wa, mutanen da ban taɓa gani ba, ni kuma ina saurare ina tambaya kamar 'yan ɗakinmu ne.

Na haifi namiji. Maza suka raɗa masa suna ubansa ba ya nan, suka sa masa sunan kakansa, wato surukina. Ka ga an yi mini ƙulli biyu ke nan, ɗan fari ne, ga shi kuma da sunan suruki. Yaran yanzu ba su san wannan ba, don haka bari in faɗa. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallon sa a gaban mutane, ba ta ɗaukar sa sai an ce ta ɗauka. In ya yi kuka sai ta yi kamar ɗan maƙwabta ne, har sai wata babba ta yi mata tsawa ta dangwara mata shi a cinya, sannan ta ba shi nono tana kallon bango. Wadda ta kasa wannan, an dinga ba da labarinta ke nan har ta tsufa. Ni kuwa na iya, na ma ƙware. Gwaggo ta ce wa matan gidan su zo su ga yarinyar da aka yi wa tarbiyya, kuma na ji daɗin wannan yabo fiye da yadda ya kamata.

Aka fara wanka. Safe da yamma Gwaggo za ta tafasa ruwa a rabin duro, ta tsoma damin ganyen darbejiya ta dinga fyaɗa mini har in ga taurari da rana. In na yi ƙara ta ce raki ne. Daga nan kunun kanwa, sai farfesun ƙafar saniya da yaji kamar za a kashe mutum. Duk don a kori abu ɗaya ne, sanyi. A wajen Gwaggo sanyi ɓarawo ne mai bin kafa. Ya shiga jikin mai jego ta kumbura, ya shiga jikin jariri ya tafi da shi.

Saura gado. A ƙauye mai jego kan gadon ƙasa take kwana, mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, ɗakin kuma na jinka ne, iska na ratsa ciyawa ta shiga ta fita ba wanda ya gayyace ta. Gwaggo ta tsaya ta ƙare wa gadon ƙarfena kallo, ta yi tsaki, sannan ta samo dabara. Ta ɗage katifar ta shimfiɗa tabarma, ta sa aka sayo gawayi wajen Yarbawa, ta hura shi a kasko ta tura ƙarƙashin gadon. Gawayin nan shi kaɗai ne abin da ta yaba a duk Ibadan. Ta ce ga zafi ga daɗewa, kuma babu hayaƙi ko na misali. Ta ja tagar ta rufe, ta sa sakata, ta yayyaga wani tsohon zane ta bi kafofin katakon ɗaya bayan ɗaya ta cusa. Ƙasan ƙofa kuma ta shimfiɗa buhu. Tun daga ranar, tsakar rana da magariba duk ɗaya suka zama a ɗakina, sai 'yar fitilar ƙwai da ke kan akwati.

Ciwon kai ne ya fara zuwa, mai sara a goshi, da jiri in na miƙe, da tashin zuciya. Na faɗa wa Gwaggo ta ce sanyi ne ke fita, in gode wa Allah. Ita ba ta jin komai, don yini take tana shiga da fita, kuma ina jin buɗe ƙofar da take yi ne ya ja mana kwana. Ciwon kaina bai dame ni sosai ba, na san jego wahala ce. Yaron ne ya dame ni. Barci yake yi ba ƙaƙƙautawa. Matan gidan in sun leƙo sai su ce wannan yaro da haƙuri yake, ko kuka ba ya yi. Ni kuwa da nake satar kallon sa na lura da wani abu. Lokacin wanka, da ake fitar da shi tsakar gida a ba wata ta riƙe, yakan farka ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafa, ya tsala kuka har a ji a waje. Ana mayar da mu ɗaki a rufe ƙofa, ba a jimawa sai ya yi laushi, ya saki nono, ya koma barci.

Na gani, amma ta ina zan fara faɗa? In na ce yaron nan barcinsa ya yi yawa, na tona wa kaina asiri ke nan cewa kallon sa nake yi. Sai na dinga kewaye-kewaye.

"Gwaggo, ɗakin nan da zafi."

"Zafin ake nema, yarinya."

"Ko a ɗan sassauta tagar, ko da yatsa ɗaya ne?"

"Ta yatsa ɗayan yake shigowa."

Wata rana na daure na ce, ina kallon bango, "Gwaggo, wannan mutumin naku fa tun safe bai sha na kirki ba."

Ta dube ni ta yi dariya har dasashinta ya fito. "Au, har kin fara ƙirga masa? To bari ubansa ya dawo in ba shi labari. Jariri mai barci ai girma yake yi." Kunya ta rufe ni, na ja zane na lulluɓe kaina, ban sake tayar da maganar ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa sa baki, mai ɗakin da ke kallon namu. Bazawara ce, tela, haifaffiyar Sabo, ta yi firamare, tana jin Yarbanci da Turanci kamar Hausa. Yaya nake ce mata. Ta kawo wa yaron 'yar rigar da ta ɗinka, ta shigo ta tsaya tana fifita da hannu.

"Mama, wannan ɗaki ai kamar gidan burodi. Ku ɗan buɗe windo mana, abi?"

Gwaggo ta ce, "'Yar nan, mata nawa kika yi wa jego?"

Yaya ta ajiye rigar ta fita, maganar ta mutu a nan.

Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko kafin su ko bayansu. Ina kwance a kan gado mai zafi cikin duhu da rana tsaka, ruwa na dukan kwano, rediyon wani ɗaki na ratso bango yana kiran sunayen garuruwan da aka kama. Ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, ban san a wanne mijina yake ba, ko ma yana raye. Tagar da nake ganin mutane ta cikinta an toshe. Yaron yana nan gefena, hannu kawai zan miƙa, amma na juya masa baya kamar yadda aka koya mini. Shi kaɗai ne nawa a duk faɗin garin nan, kuma shi ne aka hana ni kallo. In Gwaggo ta fita ɗora ruwa sai in juyo da sauri in sa yatsuna a ƙirjinsa in ji ko yana motsi. Nakan yi masa magana a hankali, in ce ya tashi ya yi kuka, ya dami kowa. Da na ji takunta sai in koma in fuskanci bango. Akwai ranar da na zare tsumma guda daga taga. Tana shigowa ta tsaya, ta karkata kumatu kamar mai sauraro, ta tafi kai tsaye ta mayar da shi.

Ranar da abin ya faru da ruwa aka tashi, irin na Ibadan da ba ya tsawa ba ya iska, zuba kawai yake yi. Tsakar gida ta cika, ba a iya hura wuta a waje ba. Gwaggo ta ce irin wannan rana ce sanyi ke fita farauta. Ta aro kasko na biyu, ta cika su duka da sabon gawayi, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya a tsakar ɗaki ta ɗora kunu a kai. Da yake ba inda za ta, sai ta sa wa ƙofa sakata ta gyara buhun. Bayan ta yi sallar azahar ta jingina da bango tana jan carbi.

Ina kallon carbin yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya, sai ya zame daga hannunta. Na ce, "Gwaggo." Shiru. Na sake kira, sai wani minshari mai nauyi da ban taɓa jin ta yi ba. Kaina kuwa kamar ana daka a ciki, fitilar ta zama biyu a idona. Na juya na ɗauki yaron, ba wanda ya ce in ɗauka. Wuyansa ya langaɓe a hannuna. Kumatunsa sun yi kyau kamar na mai lafiya, amma na sa masa nono a baki bai ko motsa leɓe ba. Na girgiza shi, na tsunkule shi a tafin ƙafa, ko gezau.

Na sauko daga gado, ƙafafuna suka ƙi ɗauka ta. Da rarrafe na isa ƙofa, hannu ɗaya riƙe da shi. Na janye buhun, na yi ta fama da sakata har ta buɗu, na bi siririyar hanyar nan da gwiwa har tsakar gida, cikin ruwan. A nan na buɗe baki na kira sunansa. Sunan surukina, da ban taɓa furtawa ba, na dinga ƙwala shi da iya ƙarfina ina ce masa ya tashi.

Ƙofofi suka buɗe. Yaya ce ta fara isowa, ta fizge shi daga hannuna, ta kwance zanen da aka naɗe shi da shi, ta kifa shi a tafinta tana murza bayansa, ta juyo shi tana hura masa fuska. Ta ce wa sauran, "Oya, ku fito da Mama, ku bar ƙofar a buɗe." Mata biyu suka jawo Gwaggo ta hammata, suka jingina ta da bango inda feshin ruwa ke taɓa ta. Ta yi amai, ta buɗe ido tana tambayar wa ya buɗe ɗaki. Can sai yaron ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan kyanwa. Ban san lokacin da na karɓe shi na rungume a gaban kowa ba.

Aka samo tasi daga Mokola. Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata, ta shiga tana layi, duk hanya tana ja mini mayafi a ka kada iska ta taɓa ni. Asibitin ɗan ƙarami ne. Nas ɗin da ta karɓe mu Bayarabiya ce, gajeriya mai saurin hannu. Ta ɗaga fatar idon yaron, ta saurari ƙirjinsa, ta sa aka kwantar da shi kusa da buɗaɗɗiyar taga. Tana tambaya da Yarbanci, Yaya na amsawa. Da aka zo kan kasko biyu da tsummokaran taga, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta juya Turanci, don na lura ma'aikatan can in ransu ya ɓaci da Turanci suke faɗa. Cikin duk abin da ta zazzaga kalma ɗaya ce ta yi ta dawowa, safoket. Ta nuna yaron ta faɗe ta, ta nuna ni ta faɗe ta, ta nuna Gwaggo ma ta faɗe ta.

Gwaggo ta taɓa Yaya. "Me take cewa? Kada ki rage mini komai."

Yaya ta ce, "Mama, cewa take saura kaɗan ku ukun ku safoket. Wato numfashi ya ƙare wa mutum don iskar da zai shaƙa babu. In an danne wa mutum fuska da filo, shi ne. In an cusa mutane a bayan mota an rufe, shi ne. Wani kan yi wa wani, wani lokaci kuma ba wanda ya taɓa ka, ɗakin ne kawai. Ta ce gawayi in yana ci a rufaffen ɗaki cinye iskar kirki yake yi, ya bar wata muguwa."

"Ai babu hayaƙi," in ji Gwaggo.

Yaya ta mayar wa nas, nas ta amsa a gajarce.

"Ta ce mai hayaƙin ya fi sauƙi, don shi yana sa tari mutum ya gudu. Wannan ba a ganin sa, ba a jin warinsa."

"A ƙauye fa? Kowace mai jego da wuta take kwana."

"Ta ce ɗakin ciyawa yana shan iska ta sama. Na siminti da silin kuwa in an toshe shi, tulu ne da aka kife wa marfi."

Na zaci Gwaggo ta gama, sai ta sake tambaya, muryarta ta yi ƙasa. "Jariri in abin ya same shi, yana kuka?"

"Ta ce a'a, Mama. Barci yake yi, daga nan ya zarce."

Gwaggo ta nemi benci ta zauna, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

Daga baya, da zama ya haɗa ni da 'yan boko, na ji ashe kalmar tana da wuraren shiga da yawa. Sukan faɗe ta ga shukar da ciyawa ta rufe, da wutar da aka kife wa kwano don ta mutu, har ga mutumin da aka dama da kulawa ya rasa sakewa. Jikokina ma in an ɗaga gilashin mota sai su ce za su safoket, suna dariya. Ba na hana su, amma ni ban taɓa iya faɗin ta da wasa ba.

A asibitin muka kwana. Washegari yaron ya kama nono kamar mai jin haushinsa, aka sallame mu. A hanyar dawowa na shirya faɗa. Na riga na kira sunan suruki a tsakar gida, kunyar da za a ji an gama jin ta, don haka na ƙudurta ko Gwaggo za ta tsine mini sai tagar nan ta zauna a buɗe. Har na tsara abin da zan ce mata, da amsar da zan ba ta in ta ce ba ni da tarbiyya.

Ban sami damar faɗa ba. Muna shiga ta wuce ni ta nufi tagar da kanta. Ta dinga zare tsummokaran ɗaya-ɗaya tana ninkewa, ta zare sakata ta tura marafan. Ta fitar da kaskon nan biyu ta kife su a tsakar gida. Sannan ta dawo ta zauna a bakin ƙofa, ta ba ni baya.

"Yarinya, kin san na taɓa haihuwa?"

Ban sani ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, na ɗauka Allah bai ba ta ba ne.

"Biyu," ta ce. "Aurena na fari, a barikin kuza, can wajen Jos. Garin sanyi ne na gaske. Kamfani ya ba mu ɗakin siminti da kwano, ina ta taƙama da shi. Ba uwa kusa, ba kowa, ni na yi wa kaina jego da gawayi. Ta farin mace ce. Ta yi barci ba ta tashi ba. Da na je gida tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta, wai na bar kafa. Da na haifi na biyu sai na toshe ko'ina, har ramin makulli." Ta tsaya ta goge hanci da gefen zane. "Shi ko suna ba a kai ga yi ba. Tun ba a haifi mijinki ba nake neman kafar da na bari a wancan ɗakin."

Sai na faɗi abin da kowa ke faɗa, na ce kwanansu ne ya ƙare, Gwaggo.

Ta ce, "Na sani." Ba ta juyo ba.

Ta ci gaba da yi mini wanka, amma ƙarfin hannunta ya tafi, ganyen sai ya dinga sauka a bayana kamar lallashi. Ta daina zagin Ibadan, ta daina ba ni labarin garinsu. Yaron kuwa ba ta ƙara ɗaukar sa ba. In ya yi kuka, kuma yanzu kuka yake yi kamar an aiko shi, sai ta tashi ta fita tsakar gida ta tsaya har ya yi shiru. Tun ba mu yi arba'in ba ta ce a nema mata motar goro mai zuwa arewa. Na roƙe ta, na yi kuka, na ce in ta tafi da wa zan yi magana. Ta ce mutanen garinsu sun fara ginin siminti da rufin kwano, akwai matan da za su haihu da kaka, kuma duk a wajenta suka koyi toshe kafa.

Ranar tafiyarta ta ɗaure ƙullin kayanta ta tsaya a ƙofa. Yaron na kwance a gado, ni kuma da na ga idonta a kanmu sai jikina ya yi abin da ya saba, na kau da kai.

Ta ce, "Juyo ki dube shi."

Na juyo.

"Ki riƙa duba shi. Da safe, da rana, ko a gaban wa. In wata ta yi magana ki ce ni na sa ki."

Yaya ce ta raka ta tasha, ni mai jego ba na fita. Sauran kwanakin ni na dinga tafasa ruwana, ina fyaɗa wa kaina ganye inda hannuna ya kai. Mijina bai dawo ba sai da yaron ya fara zama, Gwaggo kuma ban sake ganin ta ba, labarin rasuwarta kawai aka aiko mana bayan yaƙi. Amma yammar da ta tafi ita na fi tunawa. Na zauna a bakin gado da shi a cinya, ƙofa a buɗe, matan gidan na ta hidimarsu a can baya. Na yi ta kallon sa har ya gaji ya fara kuka. Ba mai yi mini tsawa, ba kuma wanda zan ce wa ya zo ya ga yadda ya ɗebo goshin ubansa.